Sarauta masu sassaƙar Fir'auna suke nunawa, ba kamannin fuska ba

A gidan tarihi na Neues da ke nan Berlin, 'yan kallo kan yi cirko-cirko gaban sassaƙaƙƙen kan Nefertiti, sarauniyar tsohuwar Masar, suna tambayar ko haka take a zahiri. Sun saba da zanen sarakunan Turai, inda ake yabon mai zane in ya kamo kamanni. A ganina wannan tambaya ba ta dace da aikin Misirawa ba. Kan nan, da aka tono a Amarna ta ƙasar Masar a 1912 a wurin aikin wani masassaƙi mai suna Tutmos, ko suna babu a jikinsa, da doguwar hularta aka gane ta. Bahaushe ba zai sha wuyar fahimtar haka ba. Sarki in ya fito da rawani mai kunne biyu ya ja amawali, idanu kaɗai ake gani, amma ba mai tambayar wane ne.

Da awo ake fara aikin. A tsoma igiya a jar ƙasa, a ɗame ta, a buga a bango, layuka su fito tsaye da kwance, su yi gida-gida. Tun Daular Tsakiya, wani zamani a tarihin tsohuwar Masar, mutum a tsaye gida 18 ne daga tafin ƙafa zuwa gashin goshi, gwiwa a layi na 6, kafaɗa a na 16. In a zaune ne, gida 14. A fara zane da ja, babban gwani ya gyara da baƙi, sannan masu sassaƙa su hau. Fuska ta gefe, ido da kafaɗu ta gaba, ƙafafu ta gefe, don kowace gaɓa ta fito ta inda aka fi gane ta. Masu cewa rashin iya zane ne ba su yi musu adalci ba.

Dutse ma yana da nasa sharaɗi. Mutum-mutumin Fir'auna Kafra da ke Alƙahira, na wajen shekara 2500 kafin haihuwar Annabi Isa, dutsensa ya fi ƙarfin kayan aikin jan ƙarfe. Daka shi aka yi da duwatsu masu tauri, aka goge da yashi. Shi ya sa ba a raba hannu da jiki, kuma ake barin ginshiƙi a bayan na tsaye, domin wuya da idon sawu ne ke fara karyewa.

Ana kafa hujja da mutum-mutumin Fir'auna Senusret na Uku, mai nauyin fatar ido da tamoji, wai ga kamanni na gaskiya. To a dubi jikinsa mana: ƙirjin saurayi ne. Gajiyar fuskar saƙo ce, ta sarkin da ya ɗauki nauyin jama'a. Hatshebsut, wadda ta mulki Masar, mace ce, amma an sassaƙa ta da gemun sarauta.

Suna ne ke tabbatar da mai shi. Fir'auna Ramsis na Biyu ya karɓe mutum-mutumin sarakunan da suka gabace shi, aka ɗan rage fuska, aka rubuta sunansa, suka zama nasa. Wannan ne ke sa raina ɓaci in na ga kai shi kaɗai cikin gilashi, an haska shi kamar hoton fasfo. In ka sami cikakke, ka zagaya ka duba ɗamara da ginshiƙin baya da gindin da yake kai. Inda dutsen ya lotsa a wurin suna, yawanci an kankare na wani ne.