Bitamin na gina jikin mace, amma ba ya tare ƙwayar sida

A Babbar Kasuwar Maradi da teburan masu magani na bakin tasha, kwalaben bitamin na tafiya sosai wajen mata. Wata don ƙarin jini take saye, wata don ta samu cin abinci. Abin da ya dame mu shi ne zancen da ke bin kwalaben: wai bitamin na ƙarfafa jiki har ya hana mace kamuwa da sida, ko ya hana mai ciki ba jaririnta cutar. Zancen nan ba gaskiya ba ne, kuma yana iya cin rai.

Ba daga kasuwa ya taso ba, likitoci ma sun taɓa sa rai da shi. A 1994 an lura a Malawi cewa mata masu ƙwayar cutar da ke da ƙarancin bitamin A a jini sun fi ba ƴaƴansu ita. Sai aka ce a gwada ba su bitamin ɗin. An gwada a Malawi, an gwada a Durban ta Afirka ta Kudu, an gwada a Zimbabuwe kan mata masu jego sama da 14,000, bai rage yaɗuwar ba. A Dar es Salaam ta Tanzaniya, inda aka bi mata masu ciki 1,078, abin ma juyewa ya yi: waɗanda suka sha bitamin A haɗe da beta-karotin (sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A) sun fi sauran ba jarirai cutar da kashi 38 cikin ɗari. Ashe ƙarancin da aka gani a farko alama ce ta cewa ciwo ya ci jikin uwar, ba shi ne ƙofar da ƙwayar ke bi ba. Shi ya sa a 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba mai ciki bitamin A da sunan kare jariri daga sida.

Ba muna cewa a zubar da bitamin ba ne. A gwajin Tanzaniya ɗin nan, haɗin bitamin B da C da E ya rage mutuwar ɗa a ciki da haihuwar ƙaramin jariri da kusan kashi 40 cikin ɗari. Ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa wajen awon ciki, mai sinadarin ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 da folik asid, dole ce ga kowace mai ciki, a yankin da zazzaɓin cizon sauro da haihuwa kusa-kusa ke ƙarar da jinin mata. Aikinsu ke nan, gina jiki.

Amma a nan ne ake yin kuskuren da ba a cika faɗa wa mata ba. Maganin sida da aka fi bayarwa yanzu, ƙwaya guda a rana, yana ɗauke da sinadarin da ake kira dolutegravir. Ƙarfe da kalsiyam suna kama shi tun a hanji su hana shi shiga jini. Mace ta tashi da asuba, ciki ba komi, ta haɗa jar ƙwayar ƙarin jini da ta sida ta kora da ruwa, tana ganin ta cika umarnin likita, alhali wani kaso na maganin bai kai jininta ba. In haka ta ɗore, ƙwayar cutar na iya sake yawaita. Gyaran ba wuya: ko ta sha su tare a kan abinci, ko ta sha na sida awa 2 kafin na ƙarin jini, ko awa 6 bayansa. Farin ruwan maganin ƙwannafi, wanda masu ciki ke yawan sha, shi ko da abinci sai an raba lokaci. Duk ungozomar da ta miƙa wa mace magungunan nan biyu ba ta faɗi wannan ba, rabin aiki ta yi. Sannan jan kafso na bitamin A da ake ɗiga wa yara lokacin rigakafi ya fi ƙarfin mai ciki nesa, yana iya nakasa ɗan da ke cikinta.

Abin da ke tare cutar sananne ne. In ba a yi komi ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin ɗari ne ke kamuwa daga uwa. Da magani adadin na sauka ƙasa da 5. Ga matakan: awon jini tun zuwan farko wajen awon ciki, fara magani nan take, kuma kyauta ne a Nijar, awon yawan ƙwayar cutar a jini gab da haihuwa, sirop na maganin sida mai suna nevirapine ga jariri sati 6, sai a gwada shi yana da sati 4 zuwa 6. Nono zalla wata 6. Ba ruwa, ba koko, ba bauri, ko da kaka ta matsa, don gauraya nono da wani abu na ƙara wa jariri haɗarin kamuwa. Kuma uwa ba ta ajiye magani don ta yaye.

Macen da ba ta da cutar fa? Babu bitamin, babu zogale, babu jiƙon da aka tabbatar yana kare ta. Kwaroron roba na karewa. Miji ya yi awo na karewa, musamman a garin fatauci irin namu, inda maza ke kai-komo ta Ɗan Isa zuwa Katsina da Kano, kuma a gidan da ke da kishiyoyi awon mutum ɗaya bai wadatar ba. In miji na da cutar yana shan magani har ta daina bayyana a awon jini, ba ya ba matarsa ta hanyar saduwa. Akwai kuma ƙwayar rigakafi mai sinadarin tenofovir da mai lafiya ke sha kullum in tana cikin haɗari.

Wadda aka yi wa fyaɗe, ko roba ta fashe, kada a tsaya saya mata kwalba a tebur. A kai ta asibiti cikin awa 72, tun a ranar farko in da hali, a ba ta maganin kwana 28, ta sha shi har ya ƙare.