Nasiha Ga Masu Fara Koyon Goge: Kiɗan Da Ya Kamata A Soma Da Shi

'Yan'uwana matasa da kuka ɗauki goge da niyyar koyo, ina so in ja hankalinku a kan abu guda da na ga yana karya gwiwar masu farawa fiye da tsamin yatsu, fiye ma da kururuwar da gogen kan yi a makonnin farko, wato rashin sanin kiɗan da ya dace a soma da shi. Sau da yawa saurayi zai ji wani gwani a intanet yana zuba kiɗan rawa kamar ruwan sama, abin ya shiga ransa, ya ƙudura cewa da wannan zai fara. Bayan wata biyu ko uku sai a tarar da gogen a rataye ƙura ta rufe shi, mai shi kuma ya yanke wa kansa hukuncin cewa Allah bai ba shi baiwa ba. Wannan hukunci yana damuna, domin a mafi yawan waɗanda na gani baiwar tana nan, kaya ne kawai suka ɗora wa kansu tun wuyansu bai yi ƙwari ba.

Gogen gargajiya iri-iri ne a duniya: akwai mai tsirkiya ɗaya, akwai mai biyu irin na ƙasar Sin, akwai na Norwe wanda ke da ƙarin tsirkiyoyi a ƙarƙashi masu amsawa da kansu ba tare da an goga su ba. Misalaina za su fito ne daga mai tsirkiya huɗu, wanda ake kiɗan rawa da shi a Ayilan da Sikotilan da Amurka, amma dalilan da zan kawo sun shafi duk wanda ya riƙe baka ya ɗora a kan tsirkiya.

Abu na farko da ya wajaba ku fahimta shi ne wuyan goge ba shi da 'yan ƙarafan nan da ke raba sauti kamar na jita. Idan mai jita ya danna kusa da wurin da ya dace, ƙarfen zai gyara masa sauran, amma mai goge ba shi da mai gyara masa sai kunnensa. Yatsa ya gota da faɗin ƙwayar shinkafa, sautin ya karkace. Saboda haka kiɗan da ya fi sauƙi gare ku shi ne wanda kuka riga kuka haddace a ka, wanda za ku iya rera shi da baki daga farko har ƙarshe ba tare da tangarɗa ba, ko da waƙar yara ce da kuke jin kun girme ta. Wanda ya san kari da baki zai ji nan take idan yatsansa ya kauce, ya gyara. Wanda bai san shi ba yana iya maimaita kuskure ɗaya sau ɗari yana murna, har kuskuren ya zauna masa a hannu. Malamin nan ɗan Japan, Shinichi Suzuki, wanda ya rasu a 1998, a kan wannan ya gina koyarwarsa: ya lura cewa yaro yana koyon harshen uwarsa ta hanyar yawan ji tun kafin ya san harafi, sai ya sa ɗalibansa su saurari kiɗa kullum kafin su gwada shi. Makaɗan gargajiya kuwa da ma da kunne suke karɓa daga magabatansu. Don haka idan kun zaɓi kari, ku kwana uku ko huɗu kuna saurarensa kuna rerawa kafin ku taɓa baka.

Daga nan sai a duba inda kiɗan ya faɗa a kan tsirkiyoyi, kuma a nan nake so ku tsaya da kyau, domin yawancin masu koyo ba a yi musu wannan bayani. Tsirkiyoyin huɗu ana ɗaure su ne a kan sautukan G da D da A da E, daga mafi kauri zuwa mafi siriri, kuma tazarar da ke tsakanin kowace da maƙwabciyarta iri ɗaya ce. Wannan daidaito yana da amfani babba. Idan kuka fara daga tsirkiyar D a sake, wato ba tare da kun danna ta ba, kuka danna yatsa na farko, na biyu, na uku, tare da na biyu da na uku suna manne da juna, sannan kuka koma tsirkiyar A kuka maimaita wannan tsari daidai, to kun hau tsanin sauti takwas da ke farawa daga D, wanda ake kira gidan D, gaba ɗaya, ba tare da hannu ya motsa daga mazauninsa ba. Haka abin yake ga gidan A a kan tsirkiyoyin A da E, haka ma ƙasan gidan G a kan tsirkiyoyin G da D. Tsarin yatsu ɗaya ne tak, kuma da yatsu uku. Kiɗan da ya tsaya a cikin waɗannan sautuka takwas, a kan tsirkiya biyu maƙwabta, shi ne kiɗan farko na gaskiya.

Da zarar kari ya hau sama a gidan G, sai yatsa na biyu ya ja baya ya manne da na farko a kan tsirkiyoyin A da E, wato hannu yana riƙe da tsari biyu a cikin kiɗa guda. Wannan ba mugun abu ba ne, kuma ba da daɗewa ba za ku buƙace shi, sai dai darasi ne na daban da ya cancanci makonninsa. Gidajen F da B mai laushi (wato B da aka ɗan sassauto da shi ƙasa) kuwa, inda yatsa na farko ma yake ja baya, ku ƙyale su tukuna. Haka duk kiɗan da ke tilasta wa hannu ya zame sama a wuyan goge, ko wanda ya dogara da ƙaramin yatsa a kowace gaɓa, wato kowane ɗan yankin da ake kasa kari zuwa gare shi bisa ƙirgen bugu.

Akwai wata ni'ima kuma a gidajen D da G da A wadda nake so ku kasa kunne ku ji da kanku. Idan kuka danna yatsa na uku a kan tsirkiyar A, sautin da ke fita ɗan'uwan tsirkiyar D ne a sama, kuma in ya zauna daidai sai tsirkiyar D ta soma rawa da kanta, gogen ya cika da amo kamar ya buɗe baki. In ya karkace ko kaɗan, amon ya mutu. Haka yatsa na uku yake yi a kan D da kuma a kan E. Wato gogen da kansa yana gaya wa mai koyo ko ya dace ko bai dace ba, kuma kiɗan da ke yawan sauka a kan waɗannan sautuka malami ne da ke tare da ku ko da babu kowa a ɗakin. Ba banza ba ne mafi yawan kaɗe-kaɗen rawa na Ayilan da Sikotilan suka taru a waɗannan gidaje.

Hannun dama shi ne wanda matasa suka fi rainawa, alhali kuwa daɗin goge a baka yake. Kafin ku ɗauki kari, ku ƙirga sau nawa bakan zai tsallaka daga wata tsirkiya zuwa wata. Karin da ke tafiya taki-taki, daga sauti zuwa na kusa da shi, yana barin baka ya daɗe a kan tsirkiya guda, mai koyo ya sami sukunin lura da miƙewar bakansa da nauyin da yake ɗora masa. Karin da ke tsalle, yana kai da komowa tsakanin tsirkiya biyu a kowane sauti, yana buƙatar sassaucin wuyan hannu da ba a samunsa a watannin farko. Wanda ya tilasta wa kansa irin wannan da wuri yakan ƙanƙame baka, kafaɗa ta ɗaga, gwiwar hannu ta sandare, kuma wannan ɗabi'a idan ta kama mutum, fitar da ita ta fi koyon farko wuya. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma sai ya yi dubu bai fito ba.

Ku dubi lissafin da kanku. Kiɗan da ake kira ril, wanda shi ya fi jan matasa, yana da sauti har takwas a kowace gaɓa, gaɓoɓinsa kuma 32 ne idan an maimaita ɓangarorinsa biyu, wato sauti kusan 256 da ake gamawa a cikin kimanin sakan 35 idan ana kaɗa wa masu rawa. Sauti bakwai ko takwas ke nan a sakan guda, kowanne yana buƙatar yatsa da baka su haɗu a lokaci ɗaya. Michael Coleman, ɗan yankin Sligo na Ayilan wanda ya naɗi faifai a birnin Niyok tun daga farkon shekarun 1920, ya sa irin wannan kiɗa ya zama kamar wasa a kunnen mai sauraro, har makaɗa da yawa a Ayilan suka koma kwaikwayonsa. Amma abin da ke cikin faifan ƙarshen doguwar tafiya ce ta mutumin da ya tashi cikin makaɗa tun yana yaro, kuma zalunci ne mutum ya auna watansa na biyu da wannan ma'auni. Jig, wani kiɗan rawar, ya fi ril sassauci, sai dai yana da nasa tarko, domin sautukansa uku-uku suke tafiya, idan rukunin farko ya fara da jan baka ƙasa, na biyu zai fara da tura shi sama, kuma sai an saba kafin a iya ba su nauyi ɗaya. Kaɗe-kaɗen da ake kira polka da maci da wals mai matsakaiciyar tafiya sun fi dacewa da farawa, saboda sautukansu kaɗan ne kuma bugunsu a fili yake, ƙafa ma tana iya bin sa.

Kada kuma ku ɗauka cewa duk kiɗan da ke tafiya a hankali mai sauƙi ne, domin nan ma mutane da yawa sun ruɗu. Kaɗe-kaɗen nan masu taushi da ban tausayi, waɗanda ake jan sauti guda har tsawon baka, suna cikin mafi wuya, saboda dogon sauti ba ya ɓoye komai: rawar hannu, karkacewar baka, yatsan da bai zauna ba, duk suna fita fili. Da yawansu ma ba su da tsayayyen bugu, makaɗi ne ke ja yana saki gwargwadon yadda ya ji, wanda kuwa bai riga ya mallaki bugu ba, ba shi da abin da zai ja ko ya saki. Abin nema shi ne tafiya irin ta mai tattaki, sautuka gajeru zuwa matsakaita, waɗanda ake yi da tsakiyar baka.

Wani abin dubawa shi ne maimaici. Yawancin waɗannan kaɗe-kaɗe ɓangare biyu ne, kowanne gaɓa takwas, ana yin na farko sau biyu sannan na biyu sau biyu. A cikin masu sauƙi za ku tarar gaɓa ta biyar da ta shida su ne ta ɗaya da ta biyu suka dawo, kuma sau da yawa ɓangarorin biyu da rufi ɗaya suke ƙarewa, ta yadda sabon abin da za a koya bai kai rabin abin da kunne ya ji ba. Ku nemi irin waɗannan. Mutum ya kammala kari guda, ya kaɗa shi daga farko zuwa ƙarshe ba tsayawa, wannan yana ƙara masa ƙarfin zuciya fiye da rabin kari biyar da ba a kai ko ɗaya gaci ba.

Adon da gwanaye ke yi, irin karkaɗa yatsa a kan sauti, ko zamewa zuwa gare shi, ko goga tsirkiya biyu tare kamar yadda makaɗan tsaunukan gabashin Amurka suka saba, duk ku ajiye shi gefe. Kusan kowane kari yana da gundarinsa da ake iya kaɗawa ba ado, kuma ba aibu ba ne ku roƙi wanda ya fi ku ya kaɗa muku gundarin a hankali ku naɗa a waya. Idan naɗin da kuke da shi mai sauri ne, akwai manhajojin da ke rage saurinsa ba tare da sun sauya sautin ba.

Yawan kaɗe-kaɗen ma jarrabawa ce. Francis O'Neill, ɗan Ayilan da ya zama shugaban 'yan sandan Shikago, ya wallafa littafi a 1903 mai ɗauke da kari 1,850, kuma wannan na al'ada ɗaya ce kawai, ga shi yau intanet ta ninka abin da ke gaban mai koyo. Mai yawo daga wannan zuwa wancan kowane dare zai shekara bai mallaki komai ba. Shawarata ita ce ku tsaya a kan uku ko huɗu a watannin farko, kuma kowane sabon da za ku ƙara ya zo da wahala guda ɗaya kacal wadda na baya ba shi da ita: wannan ya kawo tsirkiya ta uku, na gaba ya kawo yatsa na biyu mai ja baya, na bayansa ya kawo haɗa sauti biyu a jan baka ɗaya. Da rarrafe yaro kan tashi. Idan akwai makaɗan da kuke fatan zama da su wata rana, ku tambaye su waɗanne ne kowa ya sani kuma suke farawa da su, domin karin da za ku kaɗa tare da mutane ya fi wanda za ku kaɗa ku kaɗai saurin zama a hannu, kuma zama kusa da wanda bugunsa ya tsaya yana gyara abin da bayani ba ya gyarawa.

Ban ce ku rabu da kiɗan da ya fara jan ku zuwa ga goge ba, ko da ril ne mafi sauri. Ku ci gaba da saurarensa, ku rera shi a hanya, ku san kowane lungu nasa da baki, domin ranar da hannu ya kai, rabin aikin ya riga ya ƙare. Daga cikin masu sauƙin ma ku zaɓi wanda kuke so da gaske, tunda za ku maimaita shi sau ɗaruruwa, kuma abin da rai ba ya so ba a jure maimaita shi. Idan kun ɗauki kari kuka ba shi minti 20 ko 30 kowace rana har mako biyu, amma har yanzu ba ku iya wuce gaɓoɓi huɗu na farko a hankali ba tare da kafaɗa ta ɗaure ba, ku sauke shi ku ɗauki wanda bai kai shi ba, ku rubuta sunansa da kwanan wata, bayan wata uku ku sake gwada shi.