Motsa jiki ba sai an shafe awa guda ba

Yana damuna yadda mutane da yawa suka ɗauka cewa motsa jiki ba ya amfani sai an shafe awa guda ana zuba gumi. Suna da hujjarsu, domin doguwar tafiya da sassarfa suna gyara zuciya. Amma ba tsawon lokaci kaɗai ake dubawa ba, ƙarfin da aka sa ma yana da nasa rabon.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, ko minti 75 na mai tsanani, wato rabin lokacin ke nan. A ƙa'idojinta na 2020 ma ta cire sharaɗin cewa sai an kai minti 10 a jere kafin a lissafa.

Ka hau matakalar bene da sauri na daƙiƙa 30, har magana ta gagare ka, ka huta minti ɗaya, ka sake. Dole zuciya ta harba jini da yawa, tsokoki kuma su zuƙe sukarin da ke cikinsa. Yawan maimaita hakan ne ke ƙarfafa zuciya, yana kuma taimaka wa jiki wajen sarrafa sukari.

Sai dai mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara ganin likita tukuna.