Shonen Jump ta Turanci: An Yasar da Mai Karatu a Hanya, Sannan Aka Kira Shi Ɓarawo

Duk lokacin da na ji kamfanonin da ke fassara manga, wato labaran zane na Japan, zuwa Turanci suna kukan satar fasaha, raina ɓaci yake yi. Sata sata ce, ban halatta ta ba. Mutumin da ya kwana a zaune yana zana shafi goma sha tara kowane mako, bayansa na ciwo, idonsa na ruwa, ya cancanci ya ci guminsa. Amma kafin a ɗora wa mai karatu laifin duka, a tsaya a duba abin da aka yi masa tun daga 2002, a mujallar da ta fi kowace girma a wannan harka, wato Shonen Jump ta Amurka. Wallahi wanda ya bi tarihinta daki-daki zai ga cewa mai biyan kuɗinsa na halak shi aka fi wulaƙantawa.

Asalin mujallar ta Japan ce. Kamfanin Shueisha ya kafa Weekly Shonen Jump a 1968, kuma a tsakiyar shekarun 1990 tana buga kwafi sama da miliyan shida a mako guda. A can Amurka kuwa akwai kamfanin Viz, wanda Seiji Horibuchi ya kafa a San Francisco a 1986. A ƙarshen Nuwamba 2002 Viz ya fitar da Shonen Jump ta Turanci, mai ɗauke da kwanan watan Janairu 2003, a kan dala 4.95. Labari biyar ta zo da su: Dragon Ball Z, Sand Land, Yu-Gi-Oh!, YuYu Hakusho da One Piece. Naruto ya shigo a fitowa ta biyu, Shaman King a ta uku. An bar shafukan yadda suke a Japan, daga dama zuwa hagu, ba a juya zanen ba kamar yadda aka saba a da. Ana kuma saka katin wasan Yu-Gi-Oh! a ciki, abin da ya sa yara ke rububinta. Fitowar farko ta yi cinikin kusan kwafi 300,000.

Ba zan hana su yabonsu ba. Abu ne mai kyau ƙwarai. Da kuɗi kaɗan yaro ya sami shafi kusan 300, ya karanta, ya ara wa abokinsa, ya ajiye a ƙarƙashin gado, ƙaninsa ya taso ya gada. Saboda son da aka yi mata ne abin da ya biyo baya yake da ciwo.

Tun ranar farko akwai ɓaraka a tsarin. Ta Japan mako-mako take fita, ta Turanci wata-wata. One Piece ya fara a Japan tun 1997, Naruto a 1999, wato mai karatun Turanci ya fara ne da bashin shekaru a kansa, kuma da babi biyu ko uku a wata ba ta yadda za a yi ya cim ma masu samun babi kowane mako. Wannan lissafi ne da ɗan firamare zai yi. Masu kamfanin sun san shi sarai, suka yi shekaru suna kallo, ratar tana ƙara faɗi.

Da ruwa ya kai musu wuya, me suka yi? A ƙarshen 2007 suka ƙaddamar da abin da suka kira Naruto Nation: juzu'i 12 na littafin da ake tara babobin Naruto a ciki, daga na 16 zuwa na 27, cikin wata huɗu kacal. Ita kuwa mujallar sai ta yi tsalle ta faɗa kashi na biyu na labarin a farkon 2008. Ku duba fa. Yaron da ya biya kuɗin shekara, yake bin labarin wata bayan wata tun 2003, an wayi gari an ce masa tsakiyar labarin ba ta cikin abin da ya biya. In yana so, ya je kanti ya sayi littattafan, kowanne dala 7.95. Wanda zai bi duka goma sha biyun, kusan dala 95 ke nan cikin wata huɗu. Yaron makarantar sakandare a ina zai samo su? A 2010 aka maimaita da One Piece, har ma ya fi muni: juzu'i biyar kowane wata daga Janairu zuwa Yuni, daga na 24 zuwa na 53, juzu'i 30 cif. Mujallar ta sake tsallake ɗaruruwan babobi ta dira can gaba. Mai karatu ya buɗe ya tarar da mutanen da bai taɓa gani ba a cikin labarin da yake ganin ya sani.

Akwai kuma waɗanda aka cire gaba ɗaya. An fitar da Dragon Ball Z daga mujallar a 2005 bai ƙare ba. Shaman King ya bi shi a 2007, Hikaru no Go a 2008, dukkansu ana tsakiyar labari. Bayanin kullum ɗaya ne: za a ci gaba a littafi. Daidai yake da direban da ka biya kuɗin Kano zuwa Sakkwato, ya sauke ka a tsakiyar daji, ya nuna maka wata motarsa ya ce ka shiga ka sake biya. Ina adalci a nan?

Wasu masu karatu suna ƙorafin an taɓa zane, an rufe tsiraici, an goge taba sigari daga bakin wasu. Ni wannan bai dame ni ba ko kaɗan. Mujallar yara ce, kuma mu da muka san darajar tarbiyya ba za mu yi faɗa da wanda ya suturta abin da ya kamata a suturta ba. Damuwata ita ce amanar wanda ya biya kuɗi.

Kuma kada wani ya ce tsautsayi ne ya faɗa wa mujalla guda. Raijin Comics ta fito a ƙarshen 2002 da alkawarin fita mako-mako, da Slam Dunk da City Hunter da Fist of the Blue Sky. Ta koma wata-wata, ta mutu a 2004 bayan fitowa 46, labaranta a rataye. Shojo Beat, wadda Viz ya yi don 'yan mata a 2005, an rufe ta a 2009, aka yi wa masu ragowar kuɗi tayin su koma Shonen Jump, mujallar faɗace-faɗacen samari, kamar dai abin da suke so bai da muhimmanci. Yen Plus ta fara a takarda a 2008, ta koma intanet a 2010, ta ɓace a 2013. Kowane lokaci kamfani ya tattara kayansa, mai karatu ya zauna da rabin labari.

To a wannan ratar ce masu fassarar bayan fage suka yi kaka-gida. Babi ya fita a Japan yau, kafin kwana biyu wasu matasa sun ɗauki hotonsa, sun fassara, sun watsa a intanet kyauta. A 2010 kamfanonin Japan da na Amurka suka haɗa kai don yaƙar waɗannan shafuka, babban cikin shafukan, OneManga, ya sauke kayansa a shekarar. Madalla, haƙƙinsu ne. Amma a ranar da aka rufe, me aka ba mai karatu a madadinsa? Babu. Sai da aka ƙara shekara biyu da rabi kafin Shonen Jump ta fara sakin fassarar halak rana ɗaya da Japan, a Janairu 2013. Abin da samari marasa ofis marasa albashi suka yi shekaru suna yi, kamfani mai riƙe da lasisi ya ɗauki shekara goma kafin ya yi.

Kafin nan kuwa an riga an kashe takardar. A Oktoba 2011, a taron New York Comic Con, aka sanar cewa za a daina bugawa. Fitowar Afrilu 2012 ce ta ƙarshe. Na san kasuwa ta yi tsanani a lokacin, babban kantin littattafai na Borders ya durƙushe a 2011, kuma na san takarda da jigila suna cin kuɗi. Amma ku dubi abin da aka kawo a gurbinta. Weekly Shonen Jump Alpha, mujallar intanet wadda ta fara ranar 30 ga Janairu 2012, tana bayan Japan da mako biyu. Kuɗin shekara dala 25.99. In fitowa ɗaya kake so, santi 99, wato ƙasa da dala ɗaya, kuma aro ne na mako huɗu, bayan nan ta ɓace daga allonka. Jiya kana da mujalla a hannu, taka ce har ka mutu, yau kana biya ana ba ka haya. Ba ka ara wa kowa, ba ka sayarwa, ba ka bar wa ɗanka.

Nan ne kuma abin ya taɓa irinmu kai tsaye. Takarda ba ta tambayar fasfo. Tsohuwar mujallar da yaro ya gama da ita a Amurka tana iya shiga dilar gwanjon littattafai ta tsallaka teku ta faɗa hannun wanda bai taɓa hawa jirgi ba. Manhaja kuwa tana duba inda kake kafin ta buɗe. Alpha ta fara ne da Amurka da Kanada kaɗai. A 2013 aka ƙara Birtaniya, Ireland, Ostireliya, New Zealand da Afirka ta Kudu, daga baya Indiya da Filifin da Singapo. A Disamba 2018 aka rufe ita ma mujallar intanet ɗin, aka mayar da ita rumbun babobi sama da 10,000 a kan dala 1.99 a wata. Farashi mai sauƙi, na yarda. Amma a nahiyar Afirka kakaf, ƙasa ɗaya aka sa a jerin. Najeriya, da yawan masu karatun Turancinta, ba ta ciki. Gana ba ta ciki, Kenya ba ta ciki. Matasan da suka san sunan kowane jarumi a Naruto, suke sayen rigunansa a kasuwa, suke jayayya a kansa a makaranta, an rufe musu ƙofa ko da kuɗinsu a hannu. Ga kuma namu tarnaƙin na gida, lokacin da bankuna da dama suka dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira. Ƙofa biyu a kulle, sannan a juyo a ce mana ɓarayi?

Za a ce ai Shueisha ya buɗe Manga Plus, dandalin karanta manga a intanet, a Janairu 2019, kuma ana samun sa a nan. Haka ne, kuma na ji daɗinsa. Babi uku na farko da uku na ƙarshe kyauta, rana ɗaya da Japan. Shi kansa wannan shaida ce a kansu: ashe tun da can ana iyawa, so ne ba a yi ba. Amma labarin da ya kammala, irin su Naruto mai babi 700, wanda ke son bin sa daga farko zuwa ƙarshe sai ya biya, sai yana da data, sai wayarsa na da caji. Ranar da aka sauya sharaɗi ko aka janye wani labari, ba wanda zai nemi shawararsa, kuma ba abin da zai rage a hannunsa.

Ba sadaka muke roƙo ba. Masu lasisin nan su buɗe rajista ga ƙasashen da suka tsallake, su karɓi hanyoyin biyan da mutanenmu ke amfani da su, su sa farashi daidai da aljihun wurin kamar yadda masu manhajojin waƙa da fim suka yi tuni. Wanda ya sayi juzu'i a ba shi abin da zai sauke ya riƙe, ba wanda zai ƙwace. Labarin da aka fara fassarawa a kai shi ƙarshe a inda aka fara shi. In sun yi wannan wani ya ci gaba da bin shafukan sata, ni da kaina zan tsaya tare da su in kira shi da sunan da ya dace da shi.