Aljanin da Ke Jin Kunyar Baƙo

(Shagon buga katin biki a Fagge, tsakar rana a watan Afrilu. Bakano ya kira Bazazzagi mai gyaran kwamfuta daga titin Beirut, karo na uku ke nan.)

BAKANO: Bawana, ka iso? Zauna. Kai yaro, kunna wa baƙo fanka, kada ya koma Zariya ya ce Kanawa marowata ne.

BAZAZZAGI: Ai ba sai na faɗa ba, duniya ta sani. Me kwamfutar ta yi kuma?

BAKANO: Jiya ina fastar wani ɗan takarar kansila, awa biyu ina goge masa ƙuraje, na rage masa tumbi, saura in ɗora hula, manhajar zanen nan, CorelDRAW, ta ɗauke ɗif! Ko sallama babu.

BAZAZZAGI: Ka yi sebin?

BAKANO: Niyya na yi.

BAZAZZAGI: To Allah ya ba da ladan niyya. Maimaita abin da ka yi, ina kallo.

(Bakano ya ja tumbi, ya ɗora hula, ya cire, ya sake ɗorawa. Lafiya lau.)

BAKANO: Ka gani ko? Munafuka! Wallahi da ka fita za ta fara. Ni dai na ce aljani ne, har tofi na sa aka yi mata.

BAZAZZAGI: Ciwon da ke ɓuya gaban likita ai ya fi aljani wuyar kamu. Zuwan farko na danne maɓallin F8 manhajar tana buɗewa, komai ya koma yadda ya fito daga kamfani. Na biyu na kwashe haruffan adon nan da ka jido a intanet, don guda ɗaya lalatacce ya isa ya kayar da ita. Na ce kada ka taɓa komai, abu ɗai-ɗai ake canzawa a ga wanda ya yi magani.

BAKANO: Ban taɓa ba. Yaro ne dai ya sake Windows, ya ƙara RAM, ya sauya direban hoto.

BAZAZZAGI: Rana ɗaya? Ka sha magani uku ka ce in gaya maka wanne ya yi aiki! Manhajar ma, ta asali ce?

BAKANO: Asalin filashin maƙwabcina.

BAZAZZAGI: Na ji. Ina takardar da na ce ka riƙa rubuta lokacin da take ɗaukewa?

BAKANO: Ga ta. Litinin ƙarfe biyu. Laraba biyu da rabi. Jiya uku saura.

BAZAZZAGI: Da safe fa?

BAKANO: Da safe ladabi gare ta kamar amarya.

(Bazazzagi ya kai hannu bayan kwamfutar, ya lakato ƙura, ya ɗaga kai ya dubi fanka.)

BAZAZZAGI: Alhaji, fankar nan, kullum tana juyawa?

BAKANO: A wannan tsadar fetur? Sai in an yi baƙo.

BAZAZZAGI: To ga aljaninka nan. Zafi ne. Ƙurar hunturu ta toshe mata hanci, rana ta take, kana ɗora mata hoto mai nauyi. Ina zuwa ka kunna fanka ta sha iska, ina tafiya ka kashe. A busa mata ƙura, a bar fanka. Kawo dubu biyar.

BAKANO: Ta me? Da bakinka ka ce fankata ce ke gyaran. Kai yaro, kashe ta, baƙo zai tafi.