Kowane shafi da asusunsa: nasiha ga masu riƙe da sabar

'Yan uwana matasa masu hayar sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafuka, kuna ɗora wa jama'a shafukan intanet, ku ji tsoron Allah a kan amanar da ke hannunku. Mai shago ya ba ku shafinsa, makaranta ta ba ku nata, kun zuba su duka a sabar guda, kowane fayil na PHP yana gudana da sunan asusu guda, wato www-data, kamar yadda Debian da Ubuntu suka zo da shi. Ɗaki goma ke nan, makulli ɗaya. Ɓarawo ya samu kafa ta tsohuwar fulogin ta WordPress a shafi guda, sai ya karanta wp-config.php, fayil ɗin saitin WordPress, na sauran taran, kalmar sirrin rumbun bayanansu kuwa tana ciki ƙiri-ƙiri.

Gyaran ba ya cin ko kwabo. Ku buɗe wa kowane shafi asusunsa da useradd, ku sa masa /usr/sbin/nologin don kada a shiga sabar da shi. PHP-FPM, mai gudanar da fayilolin PHP, wanda ke cikin PHP tun sigar 5.3.3 ta 2010, yana ba da damar ware wa kowane shafi rukunin ma'aikatansa, wato shirye-shiryen da ke gudanar masa da PHP. A Debian 12 ku shiga /etc/php/8.2/fpm/pool.d/, ku kwafi www.conf da sabon suna, ku canza sunan rukunin da ke sama, ku sa asusun shafin a user da group. Kowane rukuni da soket ɗinsa, wato ƙofar da ake aika masa aiki ta ciki: listen.owner ya zama www-data, listen.mode kuma 0660. In kuka bar soket a 0666, kowane asusu a sabar zai iya tura umarni a gudanar masa da sunan maƙwabcinsa, kun yi aikin banza. In ƙwaƙwalwar sabar ƙarama ce, pm = ondemand zai hana ma'aikata zaman jira suna cinye ta.

Masu tsofaffin manhajojin CGI a Apache kuwa, suEXEC ne naku, mai gudanar da manhaja da sunan asusun shafin, yana nan tun Apache 1.2. Ku kunna shi da a2enmod suexec, ku rubuta SuexecUserGroup a cikin VirtualHost na shafin. Shi kansa da ikon root, babban asusun sabar, yake tashi, shi ya sa yake da tsauri: bincike ashirin yake yi kafin ya yarda ya gudanar da fayil. Ba ya gudanar da komai da sunan root. Yana ƙin fayil ɗin da ke wajen jakar da aka gina shi da ita, wato /var/www a kunshin apache2-suexec-pristine, kuma suexec -V zai nuna muku wannan. Yana ƙin fayil ko jakar da wani ban da mai ita zai iya rubutu a ciki, haka ma idan mai fayil ɗin ba shi ne asusun da kuka ambata ba.

To, nan ne da yawanku ke ɓata rawarsu da tsalle. Shafi ya nuna kuskure mai lamba 500, hankali ya tashi, sai a buga chmod 777, wanda ke ba kowa izinin karatu da rubutu da gudanarwa. Don Allah ku daina. suEXEC ƙin fayil ɗin zai ƙara yi, a PHP-FPM kuma kun buɗe wa kowa ƙofar da kuka sha wahalar rufewa. In suEXEC ne, ku buɗe /var/log/apache2/suexec.log tukuna, dalilin yana rubuce a layin ƙarshe.

A shafukan PHP-FPM, izinin jakunkuna 750, na fayiloli 640, mai su asusun shafin, group ɗinsu www-data don sabar ta iya karanta hotuna. Amma wp-config.php ku ba shi 600, PHP kaɗai ke buƙatarsa. Ku sa SymLinksIfOwnerMatch a madadin FollowSymLinks, in ba haka ba wani zai ƙulla mahaɗi zuwa fayil ɗin maƙwabci, Apache ya karanto masa. Ku kuma ware wa kowane shafi jakarsa ta session.save_path, inda PHP ke ajiye bayanan zaman maziyarta.

Bayan kun gama, ku gwada da kanku: sudo -u asusun shafi na farko, ku nemi cat ya buɗe fayil a jakar shafi na biyu. In ya buɗu, da sauran aiki.