Dattawan Fim da Sunansu Ke Zuwa a Ƙarshen Jeri

Daren Juma'ar da ta wuce muna zaune a tsakar gida a nan Tudun Wadar Zariya, ni da yarana, muna kallon wani shiri mai dogon zango a waya, sai aka nuno wani dattijo da na san fuskarsa tun ina makarantar firamare. A uban yarinya ya fito, kuma bai cika minti uku ba a cikin shirin da ya haura awa ɗaya. An zo neman auren 'yarsa, wakilan saurayi suka gama bayaninsu, amma shi bai amsa nan take ba. Ya gyara zaman hularsa, ya dubi bakin tabarma, ya ja carbi kaɗan, sannan ya ce a ba shi kwana biyu ya tuntuɓi yayyensa, domin yarinya ba tasa ba ce shi kaɗai. Babbar 'yata ta juyo ta ce, "Baba, wallahi haka Kawu yake yi." Da ta tambaye ni sunansa sai na rasa, sai da na jira jerin sunaye na ƙarshe na same shi can ƙasa, bayan sunayen yaran da ko haihuwarsu ba a yi ba lokacin da ya fara sana'ar.

Tun daga daren abin yake cina. Mun saba cewa jarumi da jaruma su ne fim, su ne a fasta, su ake yi wa waƙa, sauran kuwa 'yan rakiya ne. Ni a ganina mun juya maganar. Jarumi yana da zamaninsa, kuma zamanin gajere ne, domin ƙuruciya da kyan fuska ne jarinsa, su kuwa ba su dawwama. Amma wanda ke fitowa a uba, ko maigari, ko alƙali, ko boka, ko ɗan sandan da ke zaune a kanta, ko uwar miji, ko dillaliya, shi shekaru ƙara masa jari suke yi. Ya san yadda attajiri ke amsa gaisuwa da yadda malamin zaure ke amsawa, ya san cewa dattijon Bahaushe ba ya cewa a'a kai tsaye sai ya kewaya ta hanyar da mai roƙo zai gane ba tare da an kunyata shi ba, ya san inda ake yin kara da inda ake sauke murya. Babu marubucin da ke rubuta waɗannan a takarda. Ɗan wasan ne ke zuwa da su daga zauren gidansu, daga zaman makoki da ɗaurin aure da ya halarta shekara da shekaru, kuma su ne ke sa mai kallo ya yarda cewa gidan da ake nuna masa gidan Hausawa ne na gaskiya.

Mu mutanen Zazzau bai kamata a tuna mana wannan ba, domin marigayi Ƙasimu Yero namu ne. Waɗanda suka tashi da talabijin na NTA sun san shi ta fuskoki da dama. A shirin Cock Crow at Dawn da aka fara a 1980, wanda aka riƙa shiryawa a yankin Jos da Turanci domin jawo hankalin mutane ga noma, shi ne Uncle Gaga, kawun nan mai taurin kai da ya hana iyalin da suka baro birni suka koma ƙauye sakat. Ba shi ne jigon labarin ba, amma ka tambayi Bayarabe ko Inyamurin da ya kalli shirin a wancan lokaci, da wuya ya manta da Gaga. Shi ne kuma ya fito a shirin Karambana na NTA Kaduna, sannan ya fito a wasan talabijin na Magana Jari Ce, littafin da Abubakar Imam ya rubuta a wannan gari namu aka buga a 1937. Mutum ɗaya ya sa ka tsane shi a wannan shiri, ya sa ka dariya a wancan, ya sa ka natsu a na uku, da harsuna biyu, kuma ba ka taɓa jin cewa ƙoƙarin burge ka yake yi ba. Ya rasu a Kaduna ranar 3 ga Satumba 2017, kwana biyu bayan Babbar Sallah, yana da shekara 70. Allah Ya jiƙansa. An yi ta'aziyya a nan Facebook na 'yan kwanaki, daga nan aka wuce.

Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, wata hanya ya bi. Shi riga ɗaya ya saka, ta samanjan soja, ya yi shekaru da dama a cikinta a rediyo da talabijin har sunan wasa ya danne na yanka. Tsohon soja ne na gaskiya, shi ya sa Hausar bariki da yake yi ba kwaikwayo ba ce daga nesa. Ya rasu a Nuwamba 2023.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke tunawa da irin waɗannan mutane a lokuta biyu kacal: ranar da aka nuno su a gadon asibiti ana neman taimako, da ranar da aka sanar da rasuwarsu. A watan Fabrairu 2022 Hajiya Ladin Cima, wadda ta shafe shekaru masu yawa tana fitowa a uwa, ta faɗa a hirarta da BBC Hausa cewa naira dubu biyu zuwa dubu biyar ake sallamarta da su idan ta yi aiki. Ƙura ta tashi, wasu manyan masana'antar fim suka musanta, suka ce sun biya ta fiye da haka, kuma a cewarsu sin, wato fitowa, ɗaya ko biyu take yi a tashi. Ba ni da hurumin raba gardamar. Amma hujjar nan ta "sin ɗaya ne kawai" ita ce ainihin ciwon, domin tana auna ɗan wasa da minti kamar mai sayar da katin waya. Minti ukun da dattijon nan ya yi a gabanmu ranar Juma'a, shekara arba'in ya ɗauka yana koyon yadda ake yin su.

Na san furodusoshi suna da tasu damuwar, kuma ban raina ta ba. Kasuwar kaset da faifai da ta riƙe masana'antar tun bayan fitowar finafinan bidiyo a Kano a 1990 ta mutu, masu satar fasaha sun cinye ta, abin da YouTube ke kawowa kuma ba kowa yake isa ba. Fuskar jarumi ce ke sa yaro ya danna shiri, wannan gaskiya ne. To amma rashin kuɗi ba shi ne ya hana marubuci ya ba uba wani abu da ya wuce "na amince" da "ban amince ba". Sau nawa aka gina labari a kan tsohon da ya yi ritaya yana jiran fansho, ko kakar da ke riƙon marayu, ko maigarin da ke tsakanin manoma da makiyaya? Waɗannan labarai suna cikin kowace unguwa daga Ƙofar Doka zuwa Sabon Gari, kuma masu iya ɗaukarsu suna zaune a lokeshan tun safe, cikin babbar riga, suna jiran a kira su su sa albarka a tashi. Shirye-shirye masu dogon zango da suka yawaita tun bayan buɗe tashar talabijin ta Arewa24 a 2014 sun ɗan buɗe musu ƙofa, domin labarin da zai yi shekaru ana yi ba ya tsayuwa a kan soyayyar mutum biyu kaɗai, kuma masu kallo sun nuna suna son dattawan. Sai dai ƙofar ba ta buɗu sosai ba.

Akwai kuma maganar adana abin da suka sani. Na nemi tsofaffin wasannin Ƙasimu Yero a intanet domin in nuna wa yarana, abin da na samu gutsattsari ne masu dishi-dishi. A Samaru muna da Jami'ar Ahmadu Bello, mai sashen koyar da wasan kwaikwayo tun shekarun 1970, da dandalinta na ginin ƙasa irin namu na gargajiya, inda aka daɗe ana fita da ɗalibai ƙauyuka a yi wasa tare da manoma. Ina roƙon malamanmu na can su gayyato dattawan da suka rage, maza da mata, ko da ba su da takardar digiri, a zaunar da su gaban ɗalibai, a biya su kamar yadda ake biyan baƙon malami, a kunna kyamara. A ce wa ɗaya ya nuna yadda uba ke karɓar labarin rasuwar ɗansa a gaban jama'a ba tare da ya zubar da hawaye ba, a ce wa ɗaya ta nuna yadda uwar miji ke faɗa wa suruka magana mai zafi da murmushi, a tambaye su wa ya koya musu, daga tashen azumi suka faro ko daga wasan rediyo. Yawancinsu a Kaduna da Kano suke zaune. Daga Kaduna zuwa Samaru tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintoci, daga Kano kuma ba ta kai awa uku ba.